Baƙin mai ne yake cinye cen ɗin kekenka

1/ Zare ne, kuma zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Maganar baƙin mai zan yi, wanda ake tsiyayowa daga injin mota ko janareto a zuba wa cen ɗin keke. Na san da yawa cikin masu keke a makarantarmu haka suke yi, na kuma san za a yi min ca. To a yi. Baƙin mai kashe cen yake yi, balle ga mu masu bin burji.

2/ Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da darajarsa. Ɗalibin da a da sai ya hau adaidaita sau biyu kafin ya kai lakca, yanzu ya lallaɓa ya sayi keken tsere na hannu, mai siririyar taya da giya takwas ko goma. Madalla. Sai dai yawancinmu gidajen hayarmu suna can inda kwalta ta ƙare.

3/ Wato kullum sai ka ratsa burji da tsakuwa da rairayi kafin ka hau titi. Bayan 'yan watanni cen ya fara kuka, giya ta fara tsalle, sai ka ji ana cewa ai keken Turawa ba ya jure ƙasarmu. Haba jama'a. Mu ne fa muke haɗa masa guba da hannunmu, har mu ce mun yi masa sabis.

4/ Durƙusa ka kalli cen da kyau. Kowace gaɓa tana da ƙananan farantan ƙarfe a gefe, da ƙusa da ta ratsa su, da wani ɗan zobe mai juyawa a tsakiya. Duk gogayyar da take cinye cen a can ciki take faruwa, tsakanin ƙusar da abin da ke juyawa a kanta, inda ido ba ya gani. Nan ne kaɗai mai yake da aiki.

5/ Man da kake gani yana ƙyalli a jikin cen ta waje, babu abin da yake tsinana maka sai kama ƙura. Amma mu a wajenmu sai cen ya yi baƙi ƙirin yana ɗiga sannan hankali zai kwanta, a ce ya sha mai. Kallon kitse ake yi wa rogo.

6/ Yanzu kawo ƙurar. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana rufe mu da hazo, mai yawa daga cikinsa iska ce ke kwaso shi tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ga kuma wadda tayarka ta gaba take watsa wa cen kai tsaye a kan burji. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen yau da kullum tauri. Shi ya sa ake wasa wuƙa a kan dutse.

7/ Tambayi duk makanikin mota da me yake goge bawul in yana so ya zauna daidai. Zai nuna maka wani ɗan gwangwani, maiƙo ne da aka cakuɗa da gari mai kaifi. To mai ɗanƙo da yashin burji in suka haɗu a kan cen, kusan abin da ka haɗa ke nan. Kana taka feda, kana niƙa cen ɗinka da ƙafarka.

8/ Shi kansa baƙin man, me ya sa aka juye shi daga inji? Saboda ya gama aiki. Cike yake da toka ta ƙonewar fetur da ɓurɓushin ƙarfen da injin ya goge. Mai mota ya biya kuɗi don a raba injinsa da wannan dattin, kai kuma ka karɓa da godiya ka zuba wa abin hawanka ɗaya tilo.

9/ Ban ma zo kan hannunka ba. Kamfanonin man juye da kansu suna gargaɗin kada wanda aka gama amfani da shi ya riƙa daɗewa a fata. Ga wandon da yake ɓatawa, wanda babu sabulun da zai fitar. Duk mai keke ya san tabon nan na ƙafar dama.

10/ Na san abin da za a jefo min: kakana ya yi shekara da shekaru yana zuba baƙin mai a Raleigh ɗinsa, har ya bar mana shi gado. Gaskiya ne, Allah Ya jiƙan magabata. Amma je ka duba irin waɗannan kekuna, Raleigh da Phoenix na da. Giya ɗaya ce, cen ɗin kauri gare shi, kuma da yawansu suna da murfin ƙarfe da ya lulluɓe cen ɗin.

11/ Murfin nan shi ne sirrin. Ƙura ba ta samun hanya. Naka kuwa tsirara yake, ga shi siriri: cen na giya 8 faɗinsa wajen milimita 7 ne, na giya 11 wajen 5.5. Kuma kullum yana karkata hagu da dama yana hawa haƙora yana sauka. Maganin da ya yi wa kakanka aiki, a kekenka cuta ne.

12/ Hujja ta biyu: ai kyauta ne, ɗalibi ina ya ga kuɗin man keke na kwalba? Nan ne ma abin ya fi ba ni haushi, don banza ba ta kai zomo kasuwa. A duk kayan da ke juya tayar baya, cen ne ya fi araha. In ya lalace ka ci gaba da hawa, shi zai cinye haƙoran baya, daga nan ya koma na gaba.

13/ Abin da muke cewa cen ya miƙe, ƙarfen bai talle ba kamar roba. Ƙusoshin ne suka goge, kowace gaɓa ta samu ɗan sarari, in ka tara su sai tsawon ya ƙaru. Daga nan cen ba ya zama daidai a cikin haƙora, sai ya riƙa hawa kansu yana sassaƙe su, har su koma kamar ƙugiya.

14/ Kuma ba sai da na'ura za ka gane ba. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sabon cen rabin inci ne cif, milimita 12.7. Ari tef ɗin ƙarfe wajen kafinta, ka ja cen ya miƙe, ka ɗora sifili a tsakiyar wata ƙusa. Ƙusa ta 24 daga nan dole ta faɗa daidai kan inci 12.

15/ In ta wuce da wajen milimita ɗaya da rabi, cen ya ci rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mai giya 11 ko 12, canja yanzu. Mai giya 8 ko 9 yana da ɗan sauran numfashi, amma ya fara tanadi. In ta wuce da milimita 3, sai dai haƙuri, akwai yiwuwar haƙoran baya sun riga sun tafi.

16/ A nan ne mutum zai sayi sabon cen ya ɗora kan tsofaffin haƙora, ya taka da ƙarfi, ya ji ƙarat, feda ta zame. Sai ya ce an sayar masa da jabu. Cen ɗin lafiyarsa ƙalau, haƙoran ne suka saba da gurgun cen. Kuɗin abu ɗaya ya zama kuɗin abu biyu ko uku, a tsakiyar zango, alawus ya ƙare.

17/ Kuma abin ya wuce kuɗi. Ka miƙe tsaye a kan feda za ka tsallaka titi, adaidaita na tahowa, ɗan acaɓa na bayanka, cen ya zame a daidai lokacin. Duk nauyinka yana kan ƙafa ɗaya. Allah Ya kiyaye, amma rigakafi ya fi magani.

18/ To me za a yi? Abu na farko bai kai minti ɗaya ba kuma ba ya cin ko sisi. Ajiye tsumma busasshe kusa da inda kake jingine keke. Duk ranar da ka bi burji, kama cen da tsumman ka juya feda baya sau goma zuwa ashirin. Ƙurar da ka share yau ba za ta shiga ciki gobe ba.

19/ In cen ya riga ya sha baƙin mai, sai an yi masa wanka. Cire shi, jefa shi a gorar roba da kananzir kaɗan, rufe, girgiza sosai. Zubar, sake sabo, har sai abin da ke fita ya daina baƙi. Haƙoran gaba da na baya kuma tsohon buroshin haƙori ya ishe su. Shanya cen ya bushe sarai.

20/ Don Allah ban da fetur, tartsatsi ɗaya ya isa ya jawo musiba a ɗakin haya. Ban da kai keke wajen masu wankin mota su sa masa ruwan inji mai ƙarfi, don yana tura datti da ruwa cikin cibiyar taya da ta feda, ya kore girisin da ke ciki.

21/ Sai zuba mai. Sabo, mai tsabta. In ka samu na keke, to. In ba ka samu ba, man keken ɗinki yana yi, sai dai yana saurin bushewa. Ko ragowar sabon man juye na gindin galan. Ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ta cikin cen. Juya feda, bar shi ya ratsa, in da hali ya kwana.

22/ Ga matakin da kowa ke tsallakewa: da safe ka goge shi tas da tsumma, har ka taɓa da yatsa ka ji kusan a bushe. Wanda ya shiga ciki ya shiga, ba zai fito ba. Na waje kuwa kiran ƙura ne. Cen mai lafiya launin ƙarfe gare shi, kuma ba ya surutu.

23/ Ga masu son su wuce nan, akwai kakin kyandir. Masu tseren keke da yawa a duniya sun koma kansa. Ana narkar da farin kaki a gwangwani, gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya taɓa wuta kai tsaye. A tsoma cen, a motsa, a rataye ya sandare. Da yake busasshe ne, ƙura ba ta samun abin kamawa.

24/ Sharaɗinsa biyu ne. Cen ya zama babu ɗigon mai ko kaɗan, don haka bayan kananzir sai an ɗauraye da sifirit, in ba haka ba kakin ba zai kama ba. Na biyu, kaki na rani ne. Da damina ruwa yana saurin cin galabarsa, tsatsa ta biyo baya. Ni daga Nuwamba zuwa Afrilu kaki nake sawa, ruwa na sauka na koma mai.

25/ Tunda ana maganar burji, bari in taɓa masu bugun taya har ta zama dutse. Wai taya mai tauri ta fi gudu. A kan kwalta mai santsi, ƙila. A kan tsakuwa tsalle kawai take yi, ba ta kama ƙasa, ƙarfinka yana tafiya a girgiza, cen yana dukan jikin keke, wuyan hannunka yana tsami.

26/ Rage iska kaɗan, yadda tayar za ta ɗan lotsa in ka hau. Kaɗan fa na ce. In ta yi laushi da yawa, dutse zai matse tub da ƙarfen taya, ka samu huji biyu kamar saran maciji. In kekenka zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28 ko 32, sa ta, muddin ka bar sararin da tsakuwa ba za ta maƙale ba.

27/ Hawan ma da dabara. Kada ka ƙanƙame kan keke, sassauta hannu ya nemi hanyarsa. Taka birki kafin kwana, kada ka bari sai kana cikinta. In ka faɗa rairayi, ja jikinka baya, ci gaba da taka feda, ka ƙyale birkin gaba. A hawa mai tsakuwa zauna kan sirdi, in ka miƙe tayar baya za ta yi ta juyawa a banza.

28/ Canja giya kafin hawan ya yi tsanani, kana sassauta ƙafa. Canja giya kana danna feda da dukkan ƙarfinka, cen cike da yashi, shi ne hanya mafi sauri ta tsinka shi. Kuma kada ka haɗa babban faifan gaba da babban na baya ka daɗe a haka, cen yana tafiya a karkace.

29/ Mai cewa keken tsere ba na ƙasa ba ne, ya leƙa Italiya. Tun 2007 ake tseren Strade Bianche a yankin Tuskani, a kan fararen hanyoyin tsakuwa masu ƙura, a ƙare a birnin Siyena, kuma da keken titi ake yi. A 2022 da aka fara gasar duniya ta tseren tsakuwa, Gianni Vermeersch ɗan Beljiyam da keken titi ya lashe ta maza.

30/ Masu gyaran keke kuma, iyayenmu ne da yayyenmu, ban raina sana'ar kowa ba. Yawancinsu a kan keke mai giya ɗaya suka koyi aiki, kuma abin da muke nema suke ba mu. In ka ce Baba a zuba mai, gwangwanin da ke gabansa zai ɗauko. Je da naka a aljihu, ka ce Baba ga wannan, ɗigo-ɗigo don Allah. Ba zai ƙi ba.

31/ Wanda bai yarda ba, ga gwaji mai sauƙi. Ku biyu masu bin hanya ɗaya ku sa sabon cen rana ɗaya. Ɗaya ya ci gaba da baƙin mai, ɗaya ya bi tsumma da ɗigo. Ƙarshen zangon karatu ku ari tef ɗin kafinta, ku ɗauko hoton ƙusa ta 24, ku ajiye min a ƙarƙashin zaren nan. Ina jira.