Ƙuri'a ta Gidan Waya: Shin Za Ta Karɓi Kudancin Birnin Kaduna?

Tun daga 1998, lokacin da mutanen jihar Oregon ta Amurka suka amince a riƙa gudanar da zaɓensu ta gidan waya, mai zaɓe a can ba ya bin layi. Takardar ƙuri'a ce ke iske shi a gida, ya cike ta, ya sa hannu a bayan ambulan, ya mayar. Jihohin Washington da Colorado sun bi sahu daga baya. Ganin cewa waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Nijeriya ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, ba mamaki wani ya yi sha'awar tsarin. Ra'ayina shi ne ba zai karɓe mu ba, kuma unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna sun isa hujja.

Ginshiƙin tsarin shi ne adireshi tabbatacce. To, a yawancin lungunan Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha, abin da ke kai baƙo gida kwatance ne: bayan masallaci, daura da mai shayi, gida na uku bayan kwalbati. Kwatance ilimi ne na baka, yana buƙatar mai tambaya da mai amsawa. Ambulan kuwa ba ta tambaya. Ga kuma yawan ƙaura. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sake rabon mazauna birnin a gaɓoɓin kogin biyu, durƙushewar masaƙun Kakuri ta watsa ma'aikata, ɗan haya kuma kullum kayansa a ɗaure suke.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Rumfar zaɓe, duk da rana da turereniya, ita ce wurin da mace ko ɗan da ke ƙarƙashin uba ke kaɗaita da ra'ayinsa. In takarda ta shigo zaure, wa zai hana maigida tattara na iyalinsa ya dangwala musu? Mai sayen ƙuri'a ma ya huta da zullumi, domin zai ga hajarsa da idonsa kafin ya biya.

Sai dai akwai abin aro. A 2016 Oregon ta fara yi wa mutane rajista kai tsaye daga bayanan hukumar lasisin tuƙi, wato hukuma ce ke neman ɗan ƙasa. A nan kuwa mutum ne zai yi sintiri wajen INEC don rajista, ya koma karɓar kati, kuma ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake. Ɗan kasuwar da ya yi rajista kusa da shagonsa a Kasuwar Barci, alhali a Barnawa yake kwana, ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, gada ta raba shi da ƙuri'arsa.

Jihar Kaduna ba baƙuwar gwaji ba ce: ita ta fara amfani da na'urar zaɓe a Nijeriya, a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018. Abin da ya kamata INEC ta gwada a nan shi ne haɗa rajista da lambar shaidar ɗan ƙasa, da mayar da sauya rumfa aikin yini guda a ofishin mazaɓa, da sanarwa cikin Hausa da Gbagyi, ba Turanci kaɗai ba.