Kada Rake Ya Kwana Bayan An Sare Shi

Masu yin mazarƙwaila sukan yi kuka cewa wani lokaci ruwan rake yakan yi yauƙi a tukunya, a ƙone itace mai yawa amma ya ƙi daskarewa. Wasu su ɗora laifin a kan irin raken, wasu su ce baki ne. Sau da yawa kuwa laifin jinkiri ne.

Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Suna zaune cikin ƙasa da jikin tsiro. Da an sare rake sai su shiga ta bakin saran, su riƙa cin zaƙin suna mai da shi wani abu mai danƙo da ake kira dekstiran. Tun 1861 wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa irin waɗannan halittu ke kawo yauƙin.

Wannan yauƙi yana da ranarsa a wani wuri. A lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, likitocin Amurka sun riƙa ɗura tataccen dekstiran a jijiyar sojojin da suka zubar da jini, don riƙe ransu kafin a sami jini. Haka kuma ƙwayar da ke ruɓar da ganyen kabeji, da ita ake yin zantan, wanda masana'antu ke kaurara abinci da shi. Amma can da gangan ake kiwonsu, a ba su sukari da awo. Manomi kuwa nasa suke ci ba da izininsa ba.

Saboda haka wajibi ne manomi ya sare gwargwadon abin da injinsa zai matse a ranar. Kada ya tara rake a rana yana jiran doki ko mota. Kada ya daddatse shi, gama kowane sara ƙofa ce. Ya wanke injin da tukwane kullum, ya dafa ruwan da zarar an matse.

To, wani zai ce 'yan ƙodago ba kullum ake samunsu ba, gara a sare gaba ɗaya. Gaskiya ne, amma raken da ke tsaye a fadama ajiya ce, wanda ke kwance kuwa kullum raguwa yake yi. Hausawa sun ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.