Malamin Zaure Da Yaran Bafarawa

A watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan kan iyaka, ciki har da sakandaren Isa da ta Sabon Birni da kwalejin fasaha ta Bafarawa. Ba wanda zai zargi Gwamnati a kan haka, domin rai ya fi takarda. Amma tun daga lokacin, hare-haren 'yan bindiga sun sa karatun yara a gabashin jihar ya zama na yau a yi, gobe a fasa. Iyalai da dama sun baro ƙauyuka sun tare cikin gari da 'ya'yan da suka yi shekara biyu ko uku ba su zauna a aji ba.

A wannan hali ne aikin malamin zaure ya fito fili, watau mutumin da ke tara yara goma ko goma sha biyar bayan la'asar yana yi musu ƙarin darasi, iyaye suna ba shi abin da ya sawwaƙa. Wani tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, wani kuwa saurayi ne da ya gama kwalejin ilmi bai sami aiki ba. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta dubi yadda nagari daga cikinsu ke koyarwa.

Malamin kirki ba ya fara tambayar yaro ajinsa nawa. Takarda yake miƙa masa ya ce karanta. In yaron ya kasa jimla, sai a koma kalma. In ya kasa kalma, sai gaɓa. In gaɓar ma ta gagara, sai a koma kan baƙi da wasali. Inda yaro ya tsaya, nan ne karatunsa zai tashi, ko da shekarunsa goma sha biyu ne, ko da a rajista an rubuta shi ɗan aji biyar. Da Hausa ake farawa, harshen da yaro yake tunani da shi, sai ya iya haɗa baƙi sannan a shiga Turanci. Lissafi kuwa da karan dawa da canjin kasuwa ake soma shi, domin yarinyar da ke talla ta riga ta san ragi da tarawa a ka, rubutawa ce kawai ba ta iya ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gobir. Haka makarantar allo take tun kafin a ci Alƙalawa a 1808: kowane almajiri da allonsa, ba ya wankewa sai ya biya. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna a duniya da irin wannan tsari na raba yara bisa abin da suka iya. Abin da ake yabo daga Indiya, kakanni sun daɗe suna yin sa a zaure.

Bukatar kuwa ta girmi 'yan bindiga. A birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a 1999, amma gwajin karatu da aka yi a jihar a 2013 ya nuna mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta kalma ɗaya ta Hausa. A 2015 Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Aji mai cunkoso yana bin manhaja ne, wanda aka bari a baya kuwa an bar shi ke nan.

Sai dai akwai abin tsoro. Ƙarin darasi na kuɗi ne, kuma ɗan gudun hijirar da ya fi kowa bukatarsa shi ne ubansa ba shi da abin biya. Akwai kuma malamin gwamnati da zai yi sakaci da aji da safe don yara su biyo shi gida da yamma. Wannan cin amana ne, wajibi ne sufetocin makarantu su hana shi.

Saboda haka ya dace sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, tare da hakimai da masu unguwanni, su ƙidaya waɗannan malamai, a yi musu gajeren kwas, a ba su alli da littattafan karatun Hausa irin na shirin Mu Karanta da aka riga aka buga domin jihar. A kuma ware musu ɗan alawus bisa sharaɗin kowannensu ya karɓi 'ya'yan 'yan gudun hijira kyauta, a riƙa gwada yaran duk ƙarshen zango, wanda ya iya karatu a mai da shi ajin da ya dace da shi.