Zuwa ga masu tuƙa tuwo a Mancesta da Bamingam

Iyayena, yayyena da ƙannena masu girkin suna da biki da buɗa-baki.

Duk ranar da aka ji wance za ta taho daga gida, saƙo ya yi mata yawa ke nan: kuka, daddawa, kuɓewa, kimba. Mai dafa wa iyalinta tana iya zaman jiran jakar matafiyi. Wadda ta karɓi kuɗin mutane kuwa, baƙi ɗari na jiran ta ranar Asabar, ba ta da wannan damar. Shi ya sa na rubuto muku. Mafi yawan abin da muke aikawa gida a kawo mana yana nan cikin gari, sunansa ne kawai ya sauya.

Na yi shekaru ina faten tsaki da lemon tsami saboda na ɗauka babu yakuwa a Ingila. Ashe ina wuce ta a shagunan Indiyawa. Mutanen kudancin Indiya suna ce mata gongura, kuma mai jan kara ta fi tsami. Suna sayar da wadda aka tsuma a kwalba, amma ku lura, wannan an cika ta da mai da gishiri da barkono. Cokali ɗaya zai tayar da fate, sai dai idan kin zuba ta a taushe, kabewar ba za ta ji daɗi ba. Ki nemi ɗanyar, ki gyara, ki ɗan tafasa, ki ƙulla a leda ki sa a firiza.

Haka sauran suke. A Stratford Road ko Alum Rock, ko Longsight da Cheetham Hill ga 'yan Mancesta, gero shi ne bajra, dawa jowar, tsamiya imli, zogale moringa. Zoɓo a wajen 'yan Jamaika na Handsworth da Moss Side sorrel ne, a wajen Sudaniyawa karkade. Su Sudaniyawan nan ku riƙe su da kyau, don tukunyarsu ta fi kusa da tamu: garin busasshiyar kuɓewa suna ce masa weka, kuma yana yauƙi yadda ake so. Lalo kuwa Misirawa na da shi a daskare da sunan mulukiyya, Yarabawa kuma ewedu.

A kan kuka zan ɗan daɗe, don a nan aka fi yin asara. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka, shi ne farin gari mai tsami da ake gani a shagunan kayan gina jiki an rubuta baobab. Na kwalba da nono ne, ba ya miya. Namu ganye ne, kore. Ga wani ruɗanin kuma: 'yan Senegal garin kukar miya suke kira lalo. Don haka kada ki tsaya ga rubutun jikin leda. Ki duba launi, ki shinshina. Kukar da ta koma ruwan ƙasa ta sha iska, ko kanwa nawa kika zuba mata ba za ta tashi ba.

Daddawa tana nan a shagunan 'yan Afirka ta Yamma. Iru ta Yarabawa ɗorawa ce kamar tamu, amma sau da yawa jiƙaƙƙiya take zuwa da gishirinta, sai ki rage naki gishirin. Ta 'yan Gana, dawadawa, da sumbala ta 'yan Mali sun fi kama da wadda muka sani. Kimba ki ce uda, masoro ki ce uziza, za a miƙo miki.

Sai maganar jaka, wadda na san ba kowa zai so ji ba. Dokar ƙasar nan ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da nono daga Najeriya ko Nijar. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk suna ciki. Kada mu riƙa ɗora wa ɗalibi ko tsohuwa mai zuwa ganin jikoki kayan da za a tsare su a kansa a filin jirgi. Man shanun Indiyawa ba shi da ƙamshin na Fulani, na sani, amma ki soya shi da albasa a hankali, zai rufa miki asiri a kan tuwo.

Yajinmu kuma yana da ƙuliƙuli, wani da riɗi. Gyaɗa da riɗi suna cikin abubuwa 14 da doka ta wajabta wa mai sayar da abinci ya sanar da su, kuma tun Oktoba 2021 duk abin da kika ƙulla kafin mai saye ya zo sai an rubuta kayan haɗinsa a jiki. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan akwai waɗanda gyaɗa ke toshe wa numfashi. Yajin da aka aiko miki ba ki san wa ya daka ba, ki ɗauka akwai gyaɗa a ciki, ki faɗa.

Karkashi ne har yau ban samo masa madadi ba. Shi kam sai an aiko, a busar da shi sosai, a rubuta sunansa a jikin leda. In ya ƙare, don Allah kada a kaɗa lalo a kira shi karkashi. Ki gaya wa mai biki gaskiya tun ranar ciniki, ta zaɓi kuka ko kuɓewa.

Roƙona na ƙarshe, wadda ta gano shago mai kuka koriya ta sanar da sauran, mu haɗa kuɗi mu sayi mai yawa kafin azumi.

Wassalam,
'yar uwarku a sana'a.