Gem ɗin tuƙa kumbo ba ɓata lokaci ba ne

Yau ba maganar gyara zan yi ba, ra'ayina zan faɗa a kan wani gem da nake ganin an raina shi, wato Spaceflight Simulator. Yana Play Store kyauta, ba shi da nauyi, kuma in ka sauke shi ba ya buƙatar data kafin ka buga.

Sassan roka ake ba ka: tankin mai, inji, laimar sauka da ɗakin matuƙi, kai za ka haɗa abinka. Ka jibga mai da yawa ta ƙi tashi don nauyi, ka rage ya ƙare maka a hanya. Nan za ka gane dalilin da ya sa ake yin roka hawa-hawa, ana yar da tankin da ya ƙare.

Amma inda gem ɗin ya fi burge ni shi ne tuƙin. Yawancinmu muna zaton zuwa sararin samaniya miƙewa sama ne kawai. To gwada ka gani, mai na ƙarewa za ka faɗo kamar dutse. Sai ka riƙa karkatar da rokar gefe a hankali, har ta yi gudun da za ta dinga kewaya duniya ba tare da ta faɗo ba. Haka Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa take: tana sama da nisan kusan kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90.

Ga wanda ya fi rikita kai. In kana son kamo wani kumbo da ke gabanka, ƙara wuta ba ya kai ka, sama zai ɗaga ka, shi kuma ya ƙara yi maka nisa. Sai dai ka rage gudu ka sauko ƙasa-ƙasa, inda zagayen ya fi gajarta, sannan ka cim masa. Kada ka ji kunya in ka kasa. A 1965 ɗan sama jannatin Amurka Jim McDivitt, a kumbon Gemini 4, ya yi ta ƙona mai yana bin wani ɓangaren rokarsa, bai kamo shi ba.

Na san wasu iyaye za su ce gem dai gem ne. Gaskiya ne ba zai mai da kowa matuƙin kumbo ba, an ma rage girman duniyar cikinsa don wasa ya yi sauƙi. Amma ɗan sakandaren da ake haddace masa dokokin Newton a allo, a nan zai ga suna aiki da idonsa. Ni dai gara ƙanena ya yi awa ɗaya a kansa da ya ƙarar da data a kallon rawa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne sauke wanda aka fasa daga shafukan banza don a samu sassan kuɗi kyauta. Irin waɗannan ne ke cika waya da talla, wasu har saƙonnin banki suke karantawa. Na kyautan ya isa ya kai ka wata ka dawo. Sannan don Allah a daina bugawa waya na jikin caji, zafin nan shi ke kumbura batir, muna ganinsu a shago kullum.

Kada ka fara da wata tukuna. Ka kewaya duniya sau ɗaya, ka juya rokar ka kunna inji don rage gudu, ka buɗe laima in ka kusa ƙasa.