Sayen Kaya Ba Shi Ne Kishin Ƙasa Ba

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da ke yawo a duniya, wai idan ƙasa ta shiga yaƙi ko wani tashin hankali, hanyar da talaka zai taimake ta ita ce ya tafi kasuwa ya kashe kuɗinsa. Ya kamata mu auna wannan magana tun da wuri, gama wata rana za a kawo mana ita har gida, wataƙila ta bakin mai sayar da babur a kan bashi.

A Amurka ne maganar ta yi ƙarfi. Ran 11 ga Satumba 2001 'yan ta'adda suka sace jiragen sama huɗu suka kai hari da su, mutum kusan 3,000 suka mutu. Jama'a suka tashi suna tambaya abin da za su yi wa ƙasarsu, da yawa har suka yi layi don ba da jini. Ran 27 ga watan nan Shugaba George Bush ya yi jawabi a filin jirgin sama na Shikago, ya ce mutane su koma shiga jirgi, su kai iyalinsu wurin shaƙatawa na Disney World. Kamfanin General Motors kuma ya shiga ba da motoci a kan bashi ba tare da ruwa ba, yana talla cewa sayen mota taimakon ƙasa ne. A watan Oktoba aka yi cinikin motoci mai yawan gaske.

Kada mu yi musu rashin adalci. Wajen kashi 2 cikin 3 na tattalin arzikin Amurka ya dogara ga abin da mutane ke saye. Kasuwa ta riga ta yi sanyi tun farkon shekarar, bayan harin kuma kamfanonin jiragen sama suka sallami dubban ma'aikata. Wanda ya taɓa kai tumatir kasuwa bai sami mai saye ba ya san zafin wannan. To, gaya wa mutane kada tsoro ya kulle su a ɗaka daidai ne. Inda aka kauce hanya shi ne da aka bar su suna zaton sun sauke nauyin da ke kansu.

Ku dubi abin da ƙasar nan ɗin ta yi bayan ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disamba 1941. A Fabrairu 1942 aka daina ƙera motocin farar hula, masana'antun suka koma yin jirage da tankokin yaƙi. Aka ƙayyade wa kowa sukari da man fetur a 1942, nama kuma a 1943, mai kuɗi da talaka kowa da takardar rabonsa. Mutane wajen miliyan 85 suka ba gwamnati rancen ajiyarsu. A 1944 harajin manyan attajirai ya kai kashi 94 cikin 100 na abin da suka samu bisa wani mataki. Abin da ya fi shafarmu kuwa, a 1943 akwai ƙananan lambuna wajen miliyan 20 a bayan gidaje da filayen makarantu, an kuma ƙiyasta sun ba da kusan kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun da aka ci. A Ingila ma haka aka yi, har rabon nama bai ƙare ba sai 1954. Dalilin a fili yake: idan kaya sun yi kaɗan, kowa kuma yana rububin saye, farashi ne zai hau, talaka ne zai kwana da yunwa.

Bayan 2001 ba a roƙi jama'a irin wannan ba. An shiga yaƙin Afganistan ran 7 ga Oktoba 2001, ba a fito ba sai Agusta 2021. An shiga na Iraƙi a 2003, a shekarar nan kuma aka sake rage haraji. Da bashi aka biya kuɗin yaƙin. Nauyin jini ya faɗa kan sojoji da iyalansu, waɗanda ba su da yawa cikin jama'a: fiye da 2,400 suka mutu a Afganistan, kusan 4,500 a Iraƙi, ban da ɗimbin mutanen ƙasashen nan biyu. Nauyin kuɗi kuwa aka bar wa 'ya'ya da jikoki. Mutumin da yaƙi bai taɓa aljihunsa ba, da wuya ya tambayi shugabanni yaushe za a gama. Magidanta ma suka yi ta cin bashi, da kasuwar gidaje ta rushe a 2007 da 2008 miliyoyi suka rasa gidajensu. Ramce da daɗi, biya da wuya.

Mu ma mun ga duka biyun. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da Cif Obafemi Awolowo yake riƙe da kuɗin tarayya, an hana shigo da kayan ƙawa da yawa, an ɗaure ɗamara, aka gama yaƙin ba tare da cin bashin waje dominsa ba. A 1975 kuwa, da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, aka afka wa kantuna, farashi ya tashi, manomi wanda bai sami ƙarin kwabo ba shi ma ya biya.

Saboda haka, idan ƙasa ta shiga wahala, ga aikin da yake namu. Mu ƙara noma abinci, mu gyara rumbuna don kada ƙwari su cinye rabon wani. Kada mu ɓoye hatsi muna jiran yunwa ta ninka farashi. Mu ci gaba da zuba ajiya a asusun jam'iyyar gama kai, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu yi gayya a gonar matar da mijinta ke bakin daga, mu ba waɗanda rikici ya kora filin da za su shuka. Mu biya harajin da ke kanmu, sa'an nan mu tambayi wakilanmu nawa ake kashewa, wa zai biya, yaushe kuma.

Ba laifi ba ne mutum ya sayi garma ko keke ko zanen matarsa idan yana bukata, yana kuma da kuɗin. In da hali, ya saya wurin maƙerin garinsu. Amma duk wanda ya zo ya ce ku ci bashi domin ƙaunar ƙasa, ku kai maganar gaban taron jam'iyya, a lissafa ruwan bashin da buhunan da za su biya shi kafin kowa ya sa hannu.