Munduwar Maganaɗisu da Zaman Natsuwa

Mai karatu, idan an tallata maka munduwar maganaɗisu da sunan tana warkar da hawan jini da ciwon gaɓɓai, dakata kafin ka zaro kuɗinka. Masu sayarwa kan ce tana jan sinadarin ƙarfen da ke cikin jini. To, ai maganaɗisun na'urar MRI ya fi na munduwar ƙarfi nesa ba kusa ba, amma majiyyaci kan kwanta cikinta ya fito jininsa na gudana yadda ya saba. Iƙirarin ma ya tsufa: tun a 1784 kwamitin da Sarkin Faransa ya naɗa, har da Benjamin Franklin a ciki, ya binciki irin wannan da'awa ta Mesmer, ya tarar zaton majiyyata ne kawai ke aiki. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, kada ya bari maganaɗisu ya kusanci ƙirjinsa.

Zaman natsuwa daban ne. Ka keɓe wuri, ka zauna minti 10 kana bin numfashinka. Yakan rage damuwa, kuma kyauta ne. Sai dai ko ka ji jikinka ya yi sakayau, kada ka ajiye ƙwayar da likita ya rubuta maka, domin hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da wata alama ba.